Wasiƙu Bakwai Zuwa Rimin Sambo

...kuma ba zai rubuta "ina roƙo" ba. A'a. Mai laifi ke roƙo. Malam Rufa'i yana soke kalmar, yana ɗora "ina nema" a samanta. Ina nema a dawo mini da ajina. Ina nema a wanke sunana. Shekara talatin da ɗaya yana riƙe da alli, sannan wani Sabo, ɗan jiya-jiya, don an ba shi tebur a ofishin ilimin manya, ya miƙe gaban jama'a ya ce darasin neman aikin da tsohon hedimasta ya tsara bai haifar da komai ba. "Mutum ashirin da uku, Malam, ko ɗaya ba a kira ba." Ko ɗaya... har da murmushinsa.

Zauren shiru. Hadari ya taso ta wajen Doguwa ya tsaya cak, ya ƙi zubowa, ya ƙi wucewa. Ko azahar ba a kira ba, amma da ƙyar yake ganin layin takarda. Ga kuma wannan warin — na mene ne? Danshi. Kamar bangon da ya daɗe cikin ruwa. Daga ƙunshin can yake fitowa, wanda Ladan, sabon mai kula da wasiƙu a Kiru, ya miƙa masa ɗazu a tasha. "Malam, ina kwashe wani tsohon kwali na gan su. Na rasa mai su, sai aka ce ai kai ne hedimastan." Hedimastan ina? Shi da ya ajiye aiki shekara huɗu? Bai tsaya dubawa ba, bas na shirin tashi. Ga shi nan a gefen tabarma, ɗaure da zaren buhu. Bari ya gama koken tukuna. Komai da lokacinsa.

Na ɗaya: wa ya tsara darasin? Shi. Wa ya ba shi littafi? Babu. Cewa kawai aka yi, masaƙun Kano na rufewa, magidanta sun dawo gida suna zaune a gindin bishiya, a koya musu yadda ake neman aiki. Shi ke nan umarnin! Shi ya hau kekensa har Bebeji, ya shiga mota har Tudun Wada, yana tambayar masu ɗaukar ma'aikata: in mutum ya shigo, me kuke fara dubawa? Wata uku yana rubutawa yana yagewa. Mako takwas ya raba shi. Makon farko ba a taɓa biro ba, kowa ya tashi ya faɗi abin da hannunsa ya sani. Ubale — shekara goma sha ɗaya a gaban injin saƙa — ya sunkuyar da kai ya ce, "Ni ban iya komai ba, Malam." Bai iya komai ba! Sai da aka yi ta tonawa aka gano in inji ya canja kuka, shi ke fara ji, tun kafin makaniki. Rubuta wannan, Ubale. Wannan ake nema.

Sabo ya san haka? Ya taɓa zuwa ajin ko sau ɗaya?

Ranar gwajin shiga ofis... ya jawo tebur tsakiyar aji ya zauna, shi ne manaja. Magidanta masu furfura a gemu, kowa sai ya tuɓe takalmi a bakin ƙofa ya tsuguna. Tashi! Manaja ba dagaci ba ne, ja kujera, dubi idona. Hamman, Bafillacen nan da cutar bushiya ta share wa garken shanu, mai son gadin daji a Falgore, ya riƙe baki, ya kira shi malam da Fulatanci: "In tsura wa babba ido, Moodibbo? A rugarmu sai a ce an haife ni a kasuwa." Aji ya kwashe da dariya. Yana jin dariyar yanzu. Yana jin ta ƙasa-ƙasa, kamar daga cikin rijiya...

Iska ce. Iska ce ke wasa da asabari.

Rabinsu ai yaransa ne. Shi ya koya musu baƙi da wasali a Rimin Sambo, tun kafin ruwa. Shekara goma sha bakwai yana hedimasta a can, har ranar da aka ce dam ɗin Tiga zai cika, kowa ya kwashe ya koma tudu wajen Ba'awa. Aji huɗu da ofis. Ya ɗauko rajista, ya ɗauko agogon bango, ya kulle kowane aji — me ya sa ya kulle? wa zai shiga? — ya manta ƙarfen da ake bugawa, yana rataye a jikin ɗorawa. Shekara goma sha huɗu ke nan. Masunta na cewa in ruwa ya ja baya, filafilin kwalekwale kan gogi kwanon makarantar. Ubale ma cewa ya yi yakan ji ƙarfen da safe, daidai lokacin shiga aji. Shirme. Ƙarfe ba ya ƙara a cikin ruwa. Kuma wa zai buga?

Ubale. Kamun kifi yake yi yanzu, shi da ko wanka ba ya so a rafi. "Malam, ba na son jefa raga a kan ɗakin babana. In na jawo ta da nauyi, gabana faɗuwa yake." Duk Alhamis sai ya biyo ta nan, ƙafar wandonsa a jiƙe, ya tsuguna a bakin zaure — har yau bai daina tsugunon ba — ya gaisa, ya tambayi gajiya, ya tambayi iyali, sannan a ƙarshe, can ƙasan murya: ko an samu amsa? Wata tara. Yau wace rana? Yau...

Na biyu: wasiƙar. Nan ne Sabo ba shi da ta cewa. A allon makarantar Ba'awa ya rubuta samfurin, da Turancin da ba mai gyara masa. Adireshi a sama ta dama, kwanan wata a ƙarƙashi, gaisuwa, buƙata, sa hannu. Ku kwafa. Ba ƙari, ba ragi. Sunanka da aikin da ka iya ne kawai naka, sauran duk nawa ne. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya da jan biro, waƙafi bai tsere masa ba. Wanda ya goge har takarda ta yi baƙi, ya sake sabuwa. Shi da kansa ya liƙa kan sarki, shi ya kai gidan waya. Duk mako yana zuwa wurin hedimastan Ba'awa: an kawo saƙo? Babu. An kawo? Babu, Malam. Har mutumin ya fara kauce masa in ya hango kekensa. To laifin wa? Ina nema a binciko mai laifi, a faɗi sunansa gaban jama'a kamar yadda aka faɗi nawa. Haka. A ja layi a ƙarƙashi.

Zaren buhun ya kwance. Shi ya kwance shi? Yaushe? Hannunsa na kan ƙunshin, sanyi ƙalau, takardun sun yi laushi sun manne da juna. Kwanon ɗakin Ladan ke yoyo, shi ke nan, ba wani abu ba. Ɗaya, biyu... bakwai. Ambulan masu ruwan ƙasa, irin na kamfani, an buga sunaye da tafireta. Hamman. Sale. Ubale — Ubale har biyu.

Amsa! An amsa! Sabo, zo ka gani, ɗan nema! Bakwai! Wa ya ce ba a...

Ta hannun Hedimasta.

Bari ya matsa bakin ƙofa, hasken ya yi kaɗan. Tabarau. Ta hannun Hedimasta, Makarantar Firamare ta Rimin Sambo.

Kuskuren mai tafireta ne. Dole. Amma mai tafireta a Kano, ina ya san Rimin Sambo? Garin da kifi ke kwana a masallacinsa? Wannan ma haka. Wannan ma. Kamfani huɗu, hannu huɗu, adireshi ɗaya. Abin da aka rubuta musu a sama ta dama suka kwafa. Ba ƙari, ba...

Allon. Yana ganin allon. Yana ganin hannunsa ya tashi sama ta dama, yana rubuta Rimin Sambo shi kaɗai, yadda ya saba shekara goma sha bakwai, bakinsa kuwa na can yana faɗa a kan masu latti. Jan biro ya bi ta kan layin sau ashirin da uku bai tsaya ba. Ina zai tsaya? Ido ya san layin kamar yadda ya san sunansa. Su kuma — su da suka rubuta adireshin nan tun suna saka gajeren wando, su da ya hana tambaya... A'a. Akwai wanda ya ɗaga hannu. Benci na biyu, ta taga. "Malam, wannan adireshin..." Kwafa, Ubale! Kai za ka koya mini wasiƙa? Hannun ya sauka a hankali. Ya sauka.

Ba ya buɗe wasiƙar wani, bai taɓa ba. Amma danshi ya riga ya ɓanɓare bakin wannan. Layi huɗu ne kacal. Ana gayyatar Ubale ganawa ranar Litinin, sha huɗu ga Satumba, 1987, ƙarfe tara na safe. Ya zo da takardar shaidar tsohon aikinsa.

Ƙarfe tara. An ajiye kujera, an kira sunan sau ɗaya, wataƙila sau biyu, an kira na gaba. Shi kuwa yana cikin kwalekwale, daidai saman ofishin hedimasta, yana jan raga...

In ya kai wa Sabo waɗannan, an wanke darasin. Bakwai cikin ashirin da uku, a irin wannan shekara! Sai Sabo ya juya ambulan ya karanta bayanta. In kuma ya mayar da su cikin zare, ya tura ƙarƙashin tabarma — wa ya sani? Ladan bai san kowa ba. Ruwa ya ci masallaci, ya ci maƙabarta, takarda bakwai ne za su gagare shi?

Koken na nan a cinyarsa, layin da ya ja bai gama bushewa ba. A faɗi sunansa gaban jama'a.

Ƙarfe. Can nesa, ƙasa-ƙasa, sau uku, kamar na shiga aji. Maƙera ne... ai yau ba su buɗe ba. Sai takun ƙafa a bakin zaure, silifa mai ruwa, caɓ, caɓ. Inuwa ta tsuguna a ƙofa.

"Salamu alaikum, Malam. An wuni lafiya? Ya gajiya?"

Saura iyali. Zai tambayi iyali, sannan ya yi ɗaya tambayar. Ambulan na hannun dama, koke na hannun hagu, bakin Malam Rufa'i a buɗe — shi da bai taɓa rasa amsa a gaban ɗalibi ba — ko sallamar ma... ko sallamar bai amsa ba tukuna.