Cinyar Gidan Surukai

Tun cikin matarsa Rahmatu bai fito ba Mu'awiyya ya shiga makarantar gashin nama. Makarantar a cikin wayarsa take, malaminsa kuwa wani ƙaton Bature ne mai gemu, wanda bai san akwai wani gari Kudan a duniya ba. Mutane suna gonar rake, shi yana gindin mangwaro yana koyon yadda ake lallashin nama da hayaƙi. Data kam ta sha wuya. Har ya fara cewa kakanninmu ba gashi suke yi ba, ƙona nama kawai suke yi, Allah ya gafarta musu.

Da Rahmatu ta sauka, mahaifiyarta Inna Azumi ta iso daga Hunkuyi da shirin tafiya da ita wankan jego bayan suna, tunda haihuwar fari ce. Mu'awiyya kuwa son matarsa yake yi ba na wasa ba, ko tunanin gidan babu ita ba ya iya yi. Ya tura manya suka roƙa. Inna ta ce to, za ta ga kamun ludayinsa. In ya iya riƙe mai jego, a bar masa matarsa.

Shi ke nan, gwani ya sami fili. Ranar suna aka raɗa wa yarinya Hafiza, aka yanka rago. Kowa ya san abin da ke biye. A banƙare ragon a gefen wuta ya bushe, a fitar da cinya guda sukutum a kai wa mahaifin mai jego, sauran a soye shi ƙayau ta yi ta ci da yaji har ta gama wanka. Mu'awiyya ya ce wannan tsohon yayi ne. Ya sallami mahauci, ya gangaro da duron da mai walda ya tsaga masa, ya shafe ragon da yaji har da sukari, wai haka malaminsa yake yi. Ya soka masa wani ƙarfe mai auna zafi kamar mara lafiya a asibiti, ya rufe.

Hayaƙi ya tashi tun hantsi. Azahar ta wuce, la'asar ta wuce, 'yan suna suka ci shinkafa gaya suna harararar duro. Duk wanda ya ce a buɗe, sai Mu'awiyya ya tura masa waya a fuska ya ce haƙuri shi ne sirrin.

Dab da magariba ya ɗaga murfin. Gaskiya dai gaskiya ce, ƙamshin ya isa har bayan layi. Sai ya yi abin da ya ga malaminsa yana yi kullum, ya kama ƙashin cinya ya ja. Ƙashi ya zare sumul, fari fat, ko tsoka ɗaya babu. Ya ɗaga shi sama yana waige-waigen masu tafi. Naman kuwa ya zube tuli guda, ba ka gane cinya, ba ka gane haƙarƙari, sai ka ce fate.

Suruka ba ta kallon suruki ido da ido, don haka Inna ta juya wajen Rahmatu ta tambaye ta wanne ne rabon Malam, mahaifinta, a cikin wannan, kuma naman da ruwa ke ɗiga daga jikinsa zai kai jibi kuwa. Mu'awiyya ya durƙusa, ƙashi a hannu.

"Inna, ai a firij ake ajiye shi."

Inna ta ɗaga kai ta dubi ƙwan lantarkin tsakar gida, wanda ya daɗe da manta aikinsa. Mu'awiyya ya zagaya bayan ɗaki ya birkice wayar tas, amma a duk bidiyoyin malaminsa Bature babu ko ɗaya da ya yi maganar surukai.

Da safe mota ta tsaya a ƙofar gida. Inna ta sa aka naɗe mata ƙashin a takarda, ta ce na Malam ne, kada a ce an hana shi haƙƙinsa. Aka loda kayan jariri. Mu'awiyya ya tsaya jikin motar, idonsa ya kaɗa. Rahmatu ta gyara wa Hafiza hula, ta yi ƙasa da murya.

"Wallahi ya yi daɗi, ban taɓa cin irinsa ba. Ka daure ka cinye da wuri, kai kaɗai ne a gidan."