Layin Goggo Kulu

Muntari na tsaye a bakin gonar riɗi yana kallon masu yanka. Kowa ya duƙufa a layinsa, ba hira, ba waƙa. Can baya, Goggo Kulu, ƙanwar mahaifinsa, tana jan lauje kamar mai jan dutse.

Kafin yaƙi ya koro shi daga Khartum zuwa ƙauyensu kusa da garin Suki, malamin jami'a ne, yana koyar da tarihin dabarun tafiyar da kamfanoni. A nan kuwa ya zama cima-zaune a gidan yayansa Sa'idu. Kunyar hakan ce ta sa, da riɗi ya nuna, ya ba Sa'idu shawarar da ke darasin farko da yake koya wa ɗalibansa: a daina yanka a gungu, a ba kowa layinsa, a ga mai sauri, a ga mai nawa. Dabarar masu masana'antun Turai ce tun zamanin kakanni.

Ta kuwa yi aiki.

Sa'idu ya iso yana share gumi da bakin rawaninsa. "Ustaz, iliminka ya yi rana. Amma ka ga Goggo? Ko rabin layi ba ta ci ba. Gobe zan sa wani."

"Yaya, wannan tsohon yayi ne. Waɗanda suka zo daga baya sun gano mutum ba inji ba ne. In ka raba shi da 'yan'uwansa..."

"Riɗi na fashewa, Muntari. In ya zube, wa zai tsince mana? Darasi na biyu sai bayan girbi. Kai ka kawo tsarin, kai za ka gaya mata."

Da la'asar ya same ta a gindin bagaruwa tana matsa gwiwa. Tun rasuwar mijinta da wannan aiki take ci. A gungu, 'yan mata kan rufa mata asiri, su yanke nata rabon, ita kuma ta ba su waƙa. Layi ne ya tona ta.

Ya durƙusa a gabanta.

"Kada ka wahal da kanka, ɗan nan," in ji ta. "Tun da aka ja layukan nan na san da ni ake. Haka mufattishi, jami'in duba gonakin auduga, ya yi wa babana a yankin Jazira, yana bisa doki."

"Goggo, kuskure ne. Su ma masu littattafan sun gane, sun gyara."

"Madalla. Da wuri suka gane?"

Ya sunkuyar da kai. "Sai da aka ɗauki shekaru masu yawa."

Ta dafa kafaɗarsa ta miƙe da ƙyar, ta kakkaɓe zanenta.

"To, Allah ya ba masu shekarun haƙuri. Ni nawa sun ƙare. Kama ni mu je gida."