Riyadar Ja'afar

Kilishi ƙunshi biyu. Kuka, daddawa, yajin tafarnuwa. Zuma a gorar ruwa. Farin rawani. Buzun rago. Carbi mai dubu, wanda shi kaɗai ya cinye rabin jakar.

Abin da Baffa Iliya ya ɗauko daga Gusau ke nan, kuma tun daga masaukin 'yan kasuwa na Ataba a birnin Alƙahira ya hana ɗan wansa Ja'afar taɓa jakar. Suka canza jirgin ƙasa a tashar Shuhada, suka shiga mai zuwa Ainu Shams. Kujera ɗaya ta samu. Baffa ya tsaya a kanta kamar mai gadi.

"Zauna, Shehi."

"Haba Baffa, kai ne babba."

"A shekaru."

Suna cikin haka wani Bamisire mai jarida ya zauna.

Ja'afar bai damu da kiran Shehi ba. Duk wanda ya yi karatu a Misra Shehi ne a gida, ko da gyaran firji ya koyo. Shi ilimin motsa jiki ya karanta, a kwalejin da ake kira Tarbiyya Riyadiyya, kuma tun da ya shiga bai je gida ba. Abin da ke ransa daban ne. Wani barikin soja a arewa, can gida, na neman farar hula da zai kula da jikin sojoji: ya tsara musu atisaye, ya hana kurata karya kansu, ya tayar da waɗanda suka dawo daga daji da gwiwa ko baya a lalace. An ɗauke shi. Ana jiran amsarsa kafin mako ya fita. Saura yardar mahaifinsa, Malam Hadi mai zawiya, wanda ko ɗan sanda ya hango yakan sauya hanya. Ja'afar ya ƙudurta Baffa zai ɗora wa maganar, tunda shi kaɗai ke iya sa Malam dariya.

"Baffa, akwai maganar aiki da nake so ka kai wa Malam."

"Ni ma aiki na zo maka da shi. Bari mu isa. Ba a yin irin wannan magana a tsaye."

Gidan hawa na biyar ne, babu lifta. Amjad ya buɗe musu. Bahaushen Sudan ne, kakanninsa sun tashi zuwa hajji a ƙafa suka tsaya a hanya, kuma shi da Ja'afar suke raba haya. Ya kawo shayi mai sukari kamar a tsayar da cokali.

Baffa ya gama haki ya gyara zama.

"To Shehi, yaya riyada?"

"Da wuya, Baffa."

"Haka take. Kana barci kuwa?"

"Kaɗan. Da an idar da asuba muke farawa."

"Abinci fa?"

"Da awo nake ci."

"Allahu akbar." Baffa ya girgiza kai. "Na ga ka bushe, sai wuya da kafaɗa. An ba ka izinin yi wa wasu, ko har yanzu kai ake yi wa?"

"Ina da ɗalibai kusan talatin."

"Talatin! Larabawa?"

"Duka."

"Larabawa a hannun ɗan Gusau." Baffa ya ajiye kofi. "Suna jurewa?"

"Sabbin shiga kan yi kuka. Wasu su yi amai. Makon jiya ɗaya ya suma."

"Ya suma!"

"Na yayyafa masa ruwa ya farfaɗo."

"Da ya farfaɗo me ya ce ya gani?"

"Cewa ya yi bai ga komai ba, duhu kawai."

"Matakin farko ke nan," in ji Baffa, murya ƙasa ƙasa.

Amjad ya ƙware da shayi. Kakansa ɗan zawiya ne, don haka ya san kalmomin ta fuska biyu. A bakin mutanen zawiya, tarbiyya ita ce renon da shehi ke yi wa muridi har zuciyarsa ta buɗe, riyada kuma horon rai ce da azumi da halwa da zikiri. A bakin mutanen Alƙahira, riyada ita ce gudu da tsalle da ƙwallo. Ya dubi Baffa, ya dubi Ja'afar, ya ga babu wanda ya san inda ɗan'uwansa ya dosa. Ya share bakinsa.

"Ya Baffa, ai ba ka ji komai ba. Hurawa ɗaya yake yi musu, su zube ƙasa gaba ɗaya."

"Da baki?"

"Wallahi da baki."

"Usur ne kawai," in ji Ja'afar.

"Tawali'u," in ji Amjad. "Kullum haka yake."

Baffa bai ji maganar usur ba, ya riga ya buɗe jaka. Ya shimfiɗa buzu, ya ɗora rawani a kai, ya jawo carbin yana ta fitowa kamar igiyar guga. Ya ce saƙon Malam ne. Ja'afar ya yi godiya, a ransa yana cewa tsoho na tuna masa da ibada ne. Ya sake tayar da maganar aikinsa. Baffa ya ɗaga hannu.

"Sai na ga muridanka da idona. Yaya ya ce kada in buɗe baki sai na gani."

"Gobe in kai ka."

"Ni ma zan bi ku," in ji Amjad, wanda bai taɓa fita da sassafe ba in ba gobara ake yi ba.

Filin na wata cibiyar matasa ce a bayan tashar jirgi. Samarin da ke zuwa duk masu shirin gwajin shiga makarantar soja ne, iyayensu sun kawo su a rage musu tumbi, a koya musu gudu. Baffa ya zo da babbar riga da turare da carbinsa. Suna shiga samarin suka ɗaga murya.

"Sabahul khair ya kabtin!"

Haka ake kiran duk mai horar da 'yan wasa a Misra. Baffa ya kama hannun Amjad.

"Ƙuɗubi suka ce? Babban waliyyi?"

"Kusan haka."

Ja'afar ya tuɓe jallabiya. A ciki wandon roba ne iya gwiwa da riga mai lamba a baya. Baffa ya kawar da kai, ya ce kowace ɗariƙa da tufafinta. Ya samu benci ya zauna.

Aka hura usur. Samarin suka kewaye filin a guje, suka sake kewayewa. Baffa ya ce ana korar kasala ne kafin a shiga zama. Aka sake hurawa, suka zube rubda ciki, suna ɗaga jiki da hannu suna saukewa, baki ɗaya suna amsawa da ƙarfi. Baffa ya gyara carbi ya bi su, yana jan ƙwaya a kan kowace amsa. Ya ja da dama kafin ya kasa kunne sosai.

"Wahid! Itnen! Talata!"

Hannunsa ya tsaya.

"Amjad. Wannan ai ƙirga ce."

"Ƙirga ce, ya Baffa."

"Me suke ƙirgawa?"

"Abin da ka gani."

Wani mai ƙiba ya rarrafa gefe ya amayar da wake da burodin da aka hana shi ci kafin fitowa. Ja'afar ya duba idonsa, ya taɓa wuyan hannunsa, ya zaunar da shi a inuwa. Wani ya zo yana ɗingishi. Ja'afar ya durƙusa ya murza idon sawun, ya naɗe shi da bandeji, ya ce yau ba gudu, kuma takalmin nan a jefar da shi. Baffa ya taso, riga na jan ƙasa.

"Ja'afaru."

Laƙabin Shehi ya faɗi a hanya tsakanin benci da fili.

"Na'am, Baffa."

"Yaushe za a fara riyadar?"

"Ai mun kusa gamawa."

"Wannan?"

"Ita ce."

"Tarbiyyar fa?"

"Sunan kwalejin ne. Tarbiyya Riyadiyya. Koyar da motsa jiki." Ja'afar ya dubi carbin, ya tuna buzu da rawani, usur ya faɗo daga bakinsa. "Baffa, me aka faɗa wa Malam nake karantawa?"

Baffa ya koma benci. Amjad ya ba shi wuri, kafaɗunsa na rawa don dariya.

A ƙaramar bas ta komawa ne maganar ta fito, guntu guntu. Ranar da Ja'afar ya kira gida ya faɗi sunan kwalejin, Malam na cikin wazifa, Baffa ne ya ɗauki wayar. Baffa ya yi Larabcin zaure, ya san kalmomin biyu sarai, ya fassara su yadda ya san su. Kafin la'asar labari ya gama unguwa. Daga nan kullum Malam ya kira sai ya ce yaya riyada, Ja'afar ya ce da wuya, Malam ya ce a daure. Ja'afar kuma bai taɓa tura hoton fili ba, don Malam ba ya son ganin gwiwar namiji a waje.

"Shi ya sa ake turo mini sunayen jarirai in yi musu addu'a," in ji Ja'afar.

"Ka yi?"

"Na yi."

"To ai sun rayu." Baffa ya share gumi. "Yaya ya tsufa. So yake ka dawo ka riƙe muridan zawiya. Aikin da na zo da shi ke nan. Naka fa?"

Ja'afar ya faɗa masa. Baffa ya ce direba ya buɗe taga.

A gida Baffa bai taɓa shayi ba. Ya yi ta kai da kawo a falo, can ya tsaya.

"Saurara. Abin bai ɓaci ba. Ka dawo, ka naɗa rawanin, ka zauna a buzun. Kada ka yi magana da yawa. Shehin da ba ya magana shi aka fi tsoro. In an tambaye ka abu, ka rufe ido ka ce lokaci bai yi ba."

"In suka ce in sa su halwa fa?"

"Ka sa su gudu," in ji Amjad. "Duk suma ce."

"Kai ka yi mana shiru, Basudane. Da ka gane jiya me ya hana ka faɗa?"

"Ma'alish, yi haƙuri ya Baffa. Shekarata nawa rabona da dariya irin wannan."

"Ja'afaru, ka dube ni. Har a kasuwa na faɗa. Masu shago kusa da ni sun daina yi mini gardamar siyasa saboda kai. Da wane ido zan ce musu tsalle kake koyarwa?"

"Ba tsalle ba ne kawai. Sojan da aka cire wa harsashi a cinya, in babu mai koya masa takawa, gurgu zai ƙare."

"Na ji. Amma soja, ɗan Malam Hadi?"

"Farar hula. Ba na riƙe bindiga."

"Usur kake riƙewa. Wannan ya fi muni, ko tsoro ba a ji."

Ja'afar ya ciro waya ya kira gida, ya ƙara murya yadda kowa zai ji. Baffa ya yi masa alama da hannu biyu. Malam ya ɗauka. Aka gaisa har ƙarshe, aka tambayi sanyin Misra da lafiyar baƙo.

"Yaya riyada?"

"Malam, maganar da na kira a kanta ke nan."

Ya faɗa a taƙaice, bai rage komai ba: gudu, usur, gwiwa, bariki. Ta cikin wayar suka ji akuya na kuka a Gusau.

"Iliya na kusa?"

"Ga ni, Yaya."

"Kai ka fassara."

"Ni ne, Yaya."

"To kai za ka sake fassarawa, ranar Juma'a bayan zikiri, a tsaye." Malam ya yi tari. "Ja'afaru, su sojojin, ciwo suke ji da gaske?"

"Sosai, Malam."

"Kuma ka iya?"

"Na iya."

"Zawiyar fa, wa zai riƙe?"

Ja'afar ya dubi buzu da rawani.

"Ni ban taɓa hana ɗa neman halaliyarsa ba," in ji Malam daga baya. "Ban kuma taɓa sa albarka a abin da ban gani ba. A gai da mutanen gidan."

Ya kashe.

"Khalas, shi ke nan, ya yarda," in ji Amjad. "A wurinmu wannan e ce."

"A wurinku. Na fi shekara hamsin ina jin maganar Yaya, wannan a'a ce da ta sa riga."

"E ce da ta ji kunya."

"Kai da Hausarka rabi Larabci ne za ka koya mini Hausar Yaya?"

"Ya Baffa, kai da Larabcinka..."

Baffa ya nemi abin jifa. Amjad ya tsere kicin yana dariya har yana buga tukunya. Ja'afar ya kama hannun Baffa ya ja shi ɗaki, ya rufe ƙofa.

"Barikin zan tafi, Baffa. Yau zan ba su amsa. Amma ta Gusau zan bi, Malam ya gani."