Ranar da Na Gasa Irin Kabewarmu

Kabewar gidanmu ba ta da suna a kasuwa. Mutanen kwarinmu, nan gabashin Kentucky, kabewar Ledford suke ce mata, da sunan gidanmu, domin babu inda ake samunta sai a gonar da ke bayan rumbunmu. Ba ta da girma, ba ta da wani kyan gani, koriya ce mai ratsin ɗorawa. Amma idan ta gasu ba ta neman sukari ko zuma. Kakar kakan Baba ce ta zo da irin a cikin gwangwanin taba, tun daga lokacin kuwa ba a taɓa sayen wani ba, ba a taɓa bari ya gauraya ba.

Abu biyu ne suka riƙe irin nan. Na farko ɗaurin fure. A watan Yuli, da yamma, sai a zagaya gonar a nemo furen mace da zai buɗe gobe, a ɗaure bakinsa da ƙyalle don kada ƙudan zuma su riga ka shiga. Da sassafe a kwance, a tsinko furen namiji na gida a goga masa a ciki, a sake ɗaurewa, a sa jan zare a karan. Kabewa mai jan zare kaɗai ake ɗibar iri daga cikinta. In ba a yi haka ba, ƙudan zuma za su kwaso garin furen wata gonar su kawo. A shekarar ba za ka ga komai ba, sai ka shuka abin da ka ajiye sannan ɓarnar ta fito.

Na biyu kwalba biyu ne a kan kanta, sabuwa da tsohuwa. Ta sabon iri ake shukawa. Tsohuwar kuwa ba a taɓa ta sai kaka ta yi, an ɗanɗana abin da sabon irin ya haifa an ji ita ce. Daga nan sai a sauko da tsohon iri a gasa shi, a barbaɗa a kan haɗin salak mai ɗumi da muke ci sau ɗaya a shekara, Lahadin farko bayan sanyi ya ƙone ganye.

Bara a watan Yuli Mama tana kwance a asibiti, tafiyar awa guda daga gida, kullum ina kan hanya. Baba Hollis yana da shekara tamanin da shida, hannunsa na rawa, ko igiyar takalminsa ba ya iya ɗaurewa balle bakin fure. Aikin ya faɗo kaina, ni kuwa ban yi ba. Kwana goma sha ɗaya ina cewa gobe har furannin suka wuce. A shekarar ce kuma maƙwabciyarmu Glenda ta fara shuka kabewar ado a jikin shingenmu, 'yan mitsi-mitsin nan masu ƙuraje da 'yan birni ke jerawa a bakin ƙofa, waɗanda ko akuya ba ta ci saboda ɗaci. Ba ta da laifi, gonarta ce.

Bayan mun binne Mama na shiga gona na zaɓi kabewa uku masu kyau, na ɗaura musu jan zare kamar an yi musu abin da ya kamata. Da dawowata na tarar da Baba zaune a baranda.

“Lorna, kin ɗaure furen bana kuwa?”

“Na ɗaure, Baba.”

“Madalla. Da na damu.”

Ni mace ce da ba ta son a ce ta kasa. Shekara hamsin da bakwai ina riƙe da wannan hali kamar wani abin alfahari. Irin kabewa ukun nan na wanke, na shanya, na cika sabuwar kwalba, shi kuma na shuka bana. Da Yulin bana ya zo na ɗaure fure goma sha biyu da gaske, ina durƙuso cikin raɓa, ina ganin na biya abin da ya wuce. Kabewar ta fito da kamanninta, koriya mai ratsi. Wasu suna da 'yan ƙuraje a wuya, na ce zafin rana ne.

Ranar Lahadin, muna tasowa daga coci Baba ya shiga ɗaki ya ɗan miƙe. Ƙanena Wendell, direban motar katako, ya tafi rumbu ɗauko kabewa, ya tsaya surutu da Glenda ta kan shinge kamar yadda ya saba. Na hura murhun itace, na yanka albasa, na tsinke ganyen kabeji mai duhu, na fere tuffa biyu, na dama ruwan tsamin tuffa da mai da gishiri, na farfasa cuku a ƙaramin kwano. Komai ya kammala, kabewa kawai nake jira.

To, iri wuta mai laushi yake so, kabewa kuwa wuta mai ƙarfi. A lokacin tanderun bai gama zafi ba, daidai da iri. In na bi ƙa'ida, sai an ɗanɗana, a gasa kabewa, sannan in tsaya jiran wuta ta lafa, salak ɗin na hucewa a kwano. Mama ta yi wannan jiran shekara hamsin ba ta taɓa ƙorafi ba. Ni kuwa na dubi tsohuwar kwalba, irin da Baba ya ɗaure da hannunsa shekara biyu da suka wuce, na ce a raina ai duk ɗaya ne. Na san ƙa'idar, na kuma san abin da na yi bara. Amma na gaji da tsoron, ina so a wuce wurin. Na juye kwalbar gaba ɗaya a faranti, na yayyafa mai da gishiri, na tura cikin tanderu.

Wendell ya shigo rungume da kabewa biyu, yana buɗe hanci.

“Kai, Yaya Lorna, ƙamshi har bakin shinge! Baba ya ɗanɗana ne?”

“In na jira ka sai mu ci abincin rana ranar Talata. Goge ƙafarka.”

“Tambaya na yi. Ya ɗanɗana?”

“Shekara nawa kana ganin yana ɗanɗanawa? Ka taɓa jin ya ce ba ita ba ce?”

“To, ranki ya daɗe. Ni dai ɗan dako ne, ba ruwana.”

Na fitar da farantin, irin ya yi ja, yana ƙara a hankali. Na ajiye shi can gefe a kan kanta na rufe da tawul. Baba ya fito yana dogara sanda ya zauna a kujerarsa. Hancinsa ya daɗe da daina aiki, bai ji komai ba. Wendell ya raba kabewa ɗaya gida biyu, ya yanko ɗan siririn yanki ɗanye ya miƙa masa a kan wuƙa. Haka ake yi, dattijon gida ne ke sa harshe, ya ce ita ce, sannan kowa ya motsa.

Baba ya sa a baki. Bai tauna ba. Ya ciro hankicinsa ya tofar a ciki, ya ninke.

“Yanko min ɗayar.”

Ita ma ya tofar. Wendell ya lasa da kansa, ya ruga wurin famfo yana kurkure baki. “Wayyo Allah! Kamar an fasa matsarmama!”

Ni ban lasa ba, ba na bukata. Na dafa tebur.

Baba ya ce, da muryarsa ta kullum, “Ta gauraya. Ba komai, yana faruwa. Lorna, sauko da tsohuwar kwalba mu ga nawa ya rage. Baɗi ita za mu shuka.”

Wendell ya juyo daga famfo ya dube ni, ruwa na ɗiga a gemunsa. Na je na ɗauko farantin, na ajiye a gaban Baba, na ɗage tawul ɗin. Ya daɗe yana kallo. Ya kai yatsa ya taɓa ƙwaya ɗaya, da sauran zafi.

“Duka?”

“Duka, Baba.” Tunda bakina ya buɗe sai sauran ya biyo baya. “Kuma bara ban ɗaure ba. Zaren kawai na sa.”

Na so ya yi faɗa. Na rantse da ya ɗaga sandar nan ya maka min da na ji sauƙi. Bai yi ba. Ya ce wa Wendell ya kwaso duk abin da ke rumbu.

Guda arba'in da shida ne. Muka baje su a baranda, Wendell yana sara, ni ina lasawa, don na ce ba za a ƙara sa wa Baba ɗacin nan a baki ba. Talatin da tara ɗaci. Bakwai lami, ruwa-ruwa, cikinsu fari, ba tamu ba ce, ba ta Glenda ba ce. Har da goma sha biyun da na ɗaure bana da hannuna, ashe ɗaci na haɗa da ɗaci, na kulle da kyau don kada wani abu ya shiga. Harshena ya mutu.

Wendell ya tuna cewa Mama ta taɓa ba wa 'yar ƙanwarta Marvella iri lokacin da ta yi aure ta koma Indiana. Ya kira ta a waya, muna jin muryarta daga nan inda muke.

“Kabewar Inna? Haba Wendell, ni da nake bene hawa na huɗu, a kan gado zan shuka ta? Tun da muka tashi daga tsohon gida na zubar da tarkacen nan. Lafiya dai?”

“Lafiya lau. Gaishe ki kawai muka yi.”

Babu wani kuma mai irin. Baba bai cika bayarwa ba, yana tsoron a gauraya masa a ce tasa ce.

Da la'asar ya ce a ci abinci. Na ce me za a ci? Ya ce abin da aka tanada. Na ɗan soya ganyen a kasko da albasa, na zuba tuffa da cuku da ruwan tsami, na juya. Babu kabewa, kwanon duk kore. Na tsaya da farantin irin a hannu na kasa barbaɗawa.

“Barbaɗa mana,” in ji Baba. “Zubarwa za ki yi?”

Kafin in barbaɗa na tsince ƙwaya tara daga bakin farantin, waɗanda wuta ba ta kama sosai ba, na sa a aljihu. Ya gan ni, bai hana ba. Muka ci. Baba yana tauna irin ɗaya bayan ɗaya da 'yan haƙoran da suka rage masa, a hankali, har ya share kwanonsa. Abin takaicin, sun yi daɗi. Ban taɓa gasa iri ya yi daidai kamar na ranar ba.

Ƙwaya taran na naɗe a jiƙaƙƙen ƙyalle, na sa a kwano kusa da murhu inda ke da ɗumi. Na san gasasshen iri ba ya tsira, yarinya 'yar shekara biyar ma ta sani. Duk da haka kullum da safe ina buɗewa, ina yayyafa ruwa. Baba kan tambaya yana shan shayinsa, “Ya tsaga?” in ce tukuna. A kwana na bakwai biyu suka yi laushi suka fashe a yatsana. A na goma sha biyu sauran suka yi furfurar ruɓa, ƙyallen yana wari. Na kai masa ya gani da idonsa, don na daina faɗa masa abin da bai gani ba.

Ya duba, ya tura kwanon gefe.

“Zauna, Lorna.”

Na zauna.

“Shekarar da aka haifi Wendell, mamarku ba ta ɗaure ba. Ciki ya yi mata nauyi, ni kuma ina aikin hanya can nesa. Da na dawo ta ce min, Hollis, bana ban ɗaure ba. Na ce to. Muka bar irin shekarar, muka shuka na tsohuwar kwalba. Ubana ma ya tsallake sau biyu, ɗaya don ambaliya, ɗaya don giya.”

“Ba wanda ya taɓa faɗa min.”

“Ba wani abu ba ne da za a faɗa. Kowa yana tsallakewa. Don haka aka yi kwalbar biyu.” Ya murza hannunsa a kan gwiwa. “Da kin ce min a'a ran nan a baranda, da yanzu muna da kabewa.”

Na jawo kwanon gabana na ninke ƙyallen. Kunya da baƙin ciki suka rufe ni.

Ya jawo sandarsa ya miƙe da ƙyar. A bakin ƙofar ɗakinsa ya tsaya, bai juyo ba.

“In Wendell ya zo, ki ce ya bi bayan rumbun da garma, ya watsa irin ciyawa. Kada wani abu ya tsiro a wurin baɗi wani ya ɗauka tamu ce.”