Tabarmar Bintu

Shatu ta miƙa wa maƙwabciyarta Bintu Babarbariya rariyar da ta ara, amma idonta ba ya kan rariyar. Yana can bayan kafaɗar Bintu, a jikin bango. Wata farar tabarmar kaba ta rufe bangon tun daga sama har kusa da gado, faya-fayai ja da kore da ɗorawa sun jeru a kanta, ga madubi a tsakiya.

"Shigo mana, amarya," in ji Bintu. "Kullum sai ki toge a bakin ƙofa kamar mai karɓar haraji."

"A'a, Yaya Bintu, na bar tukunya a wuta."

Babu wata tukunya. Ta koma ɗakinta ta zauna a bakin gado tana kallon nata bangon, fari fat kamar na asibiti. Faya-fayanta na aure suna ƙarƙashin gado cikin buhu.

Gidan na Alhaji Muhammadu Lawal ne, kuma duk layin nan na Kazaure shi ya fara yi wa ginin ƙasa shafen siminti, a shekarar da aka bar fam aka koma naira. Yana ji da shafen nan kamar ɗan fari. Ranar da Sama'ilu, mijin Shatu, ya kama ɗakin, Alhaji ya ɗaga yatsa ya ce, "Ƙusa ɗaya a bangona, ku kwashe kayanku." To, ita Bintu da me ta kafe tata tabarmar, da yawu? Shatu ta gama yanke hukunci: mijin Bintu malamin dabbobi ne, mai albashin gwamnati, shi ya sa aka ɗaga musu ƙafa. Matar direba kuwa sai dai ta zauna da bango tsirara.

Ga shi gobe Gwaggo Saude za ta zo daga Roni ganin ɗaki, kuma dole ta leƙa ta gaida maƙwabta. Shatu har tana jin muryarta a can gida: "Wai ku ga ɗakin Babarbariyar nan! Ita kuwa tamu kamar wadda aka yi wa sata."

Da hantsi, bayan Sama'ilu ya tafi Babura da fasinja, ta ɗauko gudumarsa da ƙusa. Bugun farko, ƙusar ta lanƙwashe. Ta miƙar da ita, ta cije leɓe, ta sake bugawa da ƙarfi. Sai ta ji ƙas! Shafen ya tsage, wani ɓangare mai faɗin tire ya ɓallo ya tarwatse a kan gado. Jar ƙasa ta bayyana tana zubowa.

Tana tsaye da guduma a hannu Bintu ta ɗaga labule.

"Innalillahi! Amarya, me kika yi?"

"Abin da kika yi," in ji Shatu. "Ko ke kaɗai aka halatta wa ƙusa?"

Bintu ta dube ta, ta dubi ramin, sannan ta kama hannunta ta ja ta har cikin ɗakinta. Ta ɗaga gefen tabarmar. Bango sumul, ko ƙwarzane babu. Ta nuna sama: igiya ce siririya ta sauko daga katakon rufin kwano ta riƙe wata gora, tabarmar na rataye a jikin gorar. Faya-fayan kuwa ɗinke su aka yi da zare.

"Mu da gwamnati ke jefawa gari-gari, ina muka ga bangon kanmu?" in ji Bintu. "Ran tashi sai in naɗe abina in ɗora a mota. Da kin shigo sau ɗaya, ai da kin gani."

Daga zaure suka ji gyaran muryar Alhaji.

"Wa ke buge-buge a gidan nan?"

"Baba Alhaji, a dakata, mata ba su kimtsa ba!" Bintu ta amsa da ƙarfi. Kafin Shatu ta farga, ta haye kujera ta kwance igiyar. Suka kinkimi tabarmar su biyu, Bintu ta taka gadon Shatu ta ɗaure ta a katako, ta tura ɓaraguzan ƙarƙashin gado da ƙafa.

Alhaji ya shigo yana baza ido. Ya tsaya gaban tabarmar, ya kai hannu gefenta.

"Sama za ka duba, Baba," in ji Bintu. "Igiya ce. Gorar muke daddatsawa ka ji bugu."

Ya ɗaga kai, ya bi igiyar da kallo har katako, ya saki tabarmar. "Madalla. Haka masu hankali ke yi."

Da ya fita, Bintu ta yi ƙasa da murya. "Ki bar ta a nan sai mijinki ya samo siminti. Yadda simintin yake wuyar nan kuwa, ina jin za ku daɗe tare."

Washegari Gwaggo Saude ta zo, ta riƙe haɓa a gaban bangon. "Kai, Shatu! Ashe haka kike da hannu?" Ta leƙa ta gaida Bintu, ta dawo tana taɓe baki. "Ita kuwa maƙwabciyar taki, ɗaki kamar kurkuku. Ki riƙa koya mata, 'yar nan, zaman tare ne."

"To, Gwaggo," in ji Shatu, idonta a ƙasa.

Da la'asar ta raka Gwaggo tasha ta dawo. A tsakar gida ta tarar da Bintu ta miƙe ƙafa, ta baza kaba rinanniya, tana 'yar waƙarta da Barbarci. Har ta fara sabon faifai, shuɗi da ruwan goro, launin da babu irinsa ko ɗaya a bangon Shatu.

Shatu ta shige ɗaki ta zauna a bakin gado, ta juya wa tabarmar baya. Can ta ɗan ɗaga labule, ta ci gaba da kallon shuɗin nan.