Sunan Ɗan Fari

Ni Rahmatu, tun da na yi wayo ban taɓa jin Inna ta kira sunan Yaya Garuba ba. Ɗan farinta ne, ita kuwa Bafulatana ce ta gidi, Altine mai nono ta Tudun Wada. In za ta kira shi ta ce "kai", in za ta yi zancensa ta ce "wancan". Ranar da ya rasu ma mu muka yi ta birgima a tsakar gida, ita tana gefe tana wanke ƙwarya.

Kai, Minna ta wancan zamani! Da kukan jirgin ƙasa muke sanin lokacin ɗora tukunya. Yaya a loko yake aiki, inda ake gyaran kan jirgi, ya dawo da yamma baƙi ƙirin sai haƙora, da abokansa Nufawa da Yarabawa, su zauna a zaurenmu kwano ɗaya. Da aka yi babban yajin aikin nan na bayan yaƙi, shi ke bin gida-gida a kan keke yana roƙon mutane kada su karaya. Aka tsare shi, ya fito da tari, kafin kaka mun binne shi. Har yau in na ji ƙararrawar keke sai gabana ya faɗi.

Shekaru suka ja, ana ta maganar samun 'yancin kai, sai ga Ndako, tsohon abokin Yaya, ya kawo mana baƙi. Babbansu wani siriri ne, Gabriel, da na'urar ɗaukar hoto mai ƙafa uku, da wani akwati mai kama murya. Wai fim suke haɗawa a kan gwagwarmayar ma'aikata, za a nuna a majigi gari-gari, har da sabon abin nan da ake cewa talabijin.

Gabriel ya durƙusa ya gai da Inna da Hausarsa ta tasha. "Mama, ka zauna nan, ka faɗi sunan yaron ka, ka faɗi abin da ya yi."

Inna ta kawar da kai. "A tambayi abokansa."

Na ce ni zan faɗa, ai ina da baki. Gabriel ya ce a'a, kowane gari uwa ko matar mamaci suke sawa, haka aka tsara fim ɗin. In ba ta yi ba, da safe za su wuce Kafanchan, Minna ta tashi ba kowa.

Wallahi raina ya ɓaci. Na bi ta ɗaki na ce, "Inna, kunyar me? Mutum ya mutu saboda mutane, za a lissafa na kowa a bar naki? Manyan Ikko duk an ambace su, su da ko tari ba su yi ba!"

Ta ce, "Rahmatu, bakinki ya fi ki girma."

"Na ji. Amma in kika yi shiru yau, an sake binne shi."

Can sai ta jawo zanenta na saƙi, ta ɗaura, ta fito ta zauna a kan turmi. Na'ura ta fara ƙara. Inna ta daɗe tana kallon ƙasa har Gabriel ya fara gumi. Sannan ta ɗago ta ce, "Garuba. Garuba sunansa. Ni na haife shi." Sunan ya fito mata baƙo a baki. Ta ba da labarin keken, da tarin, da yadda take kai masa fura inda aka tsare shi ta ce wa masu gadi ɗan maƙwabta ne. Wannan ko ni ban sani ba. Ndako ya juya baya yana share ido da hula.

Kwana da kwanaki Inna ba ta iya haɗa ido da kowa ba, ko tallan nono ta daina fita.

Bayan damina motar majigi ta zo. Aka kafa farin ƙyalle a filin makaranta bayan magariba, Tudun Wada kaf ta fito, masu gyaɗa da masu rake suna ta ciniki. Da ƙyar na jawo Inna, ta zauna can gefen mata ta ja mayafi.

Aka nuna jirage, aka nuna manya da kwat. Sai ga Inna a kan turmi, fuskarta ta cika ƙyallen. Mata suka ɗau guɗa. Bakinta ya motsa, amma ba muryarta ba ce ta fito. Wani ƙato ne mai zaƙin murya da aka ɗora a can inda aka haɗa fim ɗin, yana cewa, "Ga wata dattijuwa a Minna tana tuna wahalar da aka sha." Shi ke nan fa! Ina kallon leɓenta suna faɗin sunan, ba wanda ya ji.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ƙwala ihu, "Garuba ta ce! Garuba na loko! Ɗanta ne!"

Aka juyo ana kallona, wani dogari ya ɗaga bulala yana cewa a zauna. Sai na ji an kama bakin zanena. Na ce a raina yau na shiga uku, Inna za ta ci mutuncina a gaban jama'a. Na sunkuya. Hawaye ne shaɓe-shaɓe a fuskarta, ba ta ko ɓoye ba.

Ta ce, "Sake faɗa. Na baya ba su ji ba."