Faranti Na Uku A Mashayar Angustias

"Mashaya goma sha biyu," in ji Anselmo, yana buga yatsa a kan teburi. "Da ƙafata zan kai ka, in tsaya kusa da kai don kada a ba ka kifin jiya. Kai kuma ka sa masaukin 'yata a shafin farko, ba can baya inda ake jera lambobin asibiti ba."

Wanda yake cinikin da shi sunansa Gorka, dogon saurayi daga Bilbao, can arewa. Wani kamfanin buga littattafai ne ya turo shi Granada ya rubuta wa baƙi inda za su kwana da inda za su ci. Ni Baldomero ina zaune tsakaninsu a dandalin unguwarmu ta Realejo, don Anselmo ya ce in zo in zama shaida. Shekara hamsin muna tare da shi. Ni na tsufa ina tuƙa babbar mota zuwa Jamus, shi ya tsufa a ƙofar otal yana ɗaukar jakunkunan mutane.

"Goma sha uku," in ji Gorka. "Kowa sai ya ce mini akwai wata da ku tsofaffi kuke ɓoyewa."

Na taka wa Anselmo ƙafa a ƙarƙashin teburi. Ya janye ƙafarsa bai ko dube ni ba.

Na san abin da ke cin sa. 'Yarsa Nieves tana da masauki mai ɗaki shida a bayan coci, tsaf da shi, amma hanyarsa hawa ce, baƙi ba sa kaiwa can. Tun shigowar sanyi ɗaki huɗu a rufe suke, har ta fara maganar ta sayar ta koma Barcelona aikatau, ta tafi da jikokinsa biyu.

"Zan kai ka," in ji Anselmo. "Amma ba suna, ba titi, ba hoto."

"Ba suna, ba titi, ba hoto, Don Anselmo," in ji Gorka, yana haɗa masa da "Don" ɗin girmamawa.

Suka gama hannu. Na ce, "Kai tsohon banza, abin da ba naka ba ka sayar." Ya ce, "Sha kofinka, Baldo, shaida aka kira ka, ba alƙali ba."

Mashayar Doña Angustias ba ta da allo a ƙofa. Ɗaki ɗaya ce mai kanta doguwa, ƙasanta cike da ƙwallon zaitun, da wata 'yar taga da ke duban kicin. Kamar ko'ina a garin nan, in ka sayi abin sha ana haɗo maka da tapa, ɗan faranti kyauta, kuma ba kai ke zaɓa ba. Ɗanta Cecilio da ke kan kanta shi ke ɗaga murya: "Ta farko, biyu!" Sai zaitun da soyayyen dankali na mutum biyu su fito. In kun sake kofi, "Ta biyu!" Sai ƙananan kifaye masu zafi. Wanda ya tsaya har kofi na uku, ya yi hira, ya ji lafiyar mutane, shi ke samun naman wutsiyar bijimin sa da Angustias take ɗorawa tun asuba. Tukunya ɗaya ce, ba ta wuce faranti ashirin. Kafin ta zuba sai ta leƙo ta taga ta ga wane ne. Don Evaristo, tsohon mai gyaran takalma wanda haƙoransa suka ƙare, kullum wurin da ya fi laushi yake samu. Ni kuma ƙashi take ba ni, don ta san ina son tsotsa.

Cecilio ya daɗe yana ƙorafi. "Mama, a Málaga rabin wannan yuro tara ne."

"To ga tashar mota can, ka tafi Málaga."

Ranar Laraba da ƙarfe ɗaya na rana muka shiga da Gorka. Bai gama jingina da kanta ba ya miƙa yatsa wajen kifin wani ya ce, "Irin wancan nake so." Kowa ya juyo ya dube shi. Cecilio ya ce, "Saurayi, nan ba shagon takalma ba ne." A garin su Gorka haka ake yi, an jera komai a kanta, ka nuna, ka ci, ka biya. Anselmo ya ja shi gefe ya yi masa bayani tiryan-tiryan, yaron yana gyaɗa kai, amma yatsunsa suna kan waya. Na dai lura da wannan.

Da ta uku ta fito ya cinye, ya suɗe farantin da burodi, ya zaro kuɗi. Angustias ta leƙo.

"Wane ne wannan mai son biyan kyauta?"

"Ɗan wani abokin aikina ne na otal," in ji Anselmo. "Yawo ya zo."

"To ka koya masa ladabi. Kai ɗan nan, mayar da kuɗinka, ka ci da kyau, ka rame." Ta ƙaro masa wani yanki, abin da ban taɓa gani ta yi wa baƙo ba.

Littafin ya fito gab da Makon Ista. Nieves ce ta karanta mana, don ni da ubanta in muka kama shafi ɗaya sai mu kai azahar. Masaukinta yana shafin farko, har da hoton tukwanen furanninta. A ƙasa kuma ga abin da ɗan arewan nan ya rubuta: "Akwai wata mashaya da na yi alkawarin ba zan faɗi sunanta ba. Ku sauka wurin Nieves, ku tambayi mahaifinta, Don Anselmo. In kun shiga kada ku ɓata cikinku da ta farko da ta biyu, ku nemi ta uku kai tsaye. Wutsiyar sa ce, kuma kyauta ce."

Ku ji fa! Mutum ya ci abincin tsohuwa, ta ƙara masa da hannunta, ya je ya rubuta wannan. Kofi uku ya tsaya tare da mu, ya ga yadda ake yi da idonsa, amma abin da ya shiga kansa kawai shi ne akwai wani abu mai lamba uku da ake nunawa a ba ka.

Anselmo ya kira shi nan take, muna ji.

"Kai ɗan iska, me ka yi mini?"

"Don Anselmo, na faɗi suna? Na faɗi titi? Ka ga hoto?"

"Sunana ka faɗa, marar kunya!"

"Naka ai ba ya cikin ciniki. Tambayi shaidarka."

Abin haushin, gaskiya ya faɗa. Ni ne shaida, sunan Anselmo ba ya ciki.

Kafin mako ya zagayo ɗakunan Nieves shida sun cika, kuma duk wanda ya ajiye jaka tambayarsa ɗaya ce, ina tsohon? Anselmo ya yi kwana tara yana ɓuya. Ya daina zama a ƙofar masaukin, ya riƙa bin lungu kamar ɓarawo in zai zo wurin Angustias. A rana ta goma Nieves ta tare shi da waya a hannu.

"Baba, wata ta rubuta wa duniya a intanet cewa mu maƙaryata ne, babu wani tsoho, babu wata mashaya. Mutum uku sun fasa zuwa yau. Mutum biyu kawai za ka kai, Baba, su shaida cewa akwai."

Ya kai wani dattijo da matarsa 'yan Holland, bayan ya sa sun yi rantsuwa ba za su ɗauki hoto ba. Matar ta cika alkawari a ciki. Hoton ƙofar ta ɗauka daga waje, ta watsa shi a intanet.

Daga nan sai abin ya ɓalle. Ƙarfe goma sha biyu da rabi, kafin mu iso, layi ya kai bakin famfon unguwa. Su shigo su huɗu, su sayi kwalbar ruwa ɗaya, su ɗaga yatsu uku a fuskar Cecilio. In ya ce sai an bi ta farko da ta biyu, su buɗe masa shafin su nuna masa da yatsa, kamar takardar kotu. Wasu masu wayo suka gano dabara, su sayi kofi uku lokaci ɗaya, su jera a kanta ba su sha ba, su ce to kawo. Angustias ba ta taɓa hana wanda aka kira wa ta uku ba tun mijinta yana raye, don haka ta riƙa zubawa, tana leƙe tana ganin fuskokin da ba ta sani ba, waɗanda ba sa ko gaishe ta. Su ɗauki hoton naman, su ɗanɗana, su bar rabi. Da idona na ga wani yana tsame ƙashi da takarda kamar ya ga ƙazanta.

Ranar wata Asabar Don Evaristo ya gama kofinsa na biyu a kusurwar da aka matse shi, Cecilio ya kira, "Ta uku, ɗaya!" Sai muka ji ludayi yana kankarar gindin tukunya. Shekara talatin tsohon nan bai taɓa komawa gida ba tare da farantinsa ba. Ya sa hularsa ya ce, "Ba komai, Angustias, dama yau cikina ba daɗi."

Ta fito daga kicin. Rabon da in gan ta a wannan gefen kanta da rana tun jana'izar mijinta. Ta fizge littafin daga hannun wata yarinya ta miƙa wa ɗanta.

"Karanta mini abin da suke ta nunawa."

Ya karanta, har da sunan. Ta juyo a hankali.

"Anselmo. Ɗan abokin aikinka, ko?"

"Angustias, ki saurara. Nieves ce za ta tafi da yaran..."

"Da ka zo ka ce mini Nieves tana cikin wahala, da ni da kaina na riƙa aika mata tukunya ta ciyar da baƙinta. Ni na riƙe ta a coci ranar da aka sa mata suna, ko ka manta? Amma ka kawo mini ɗan leƙen asiri, ka yi mini ƙarya a cikin ɗakina, ina ƙara masa nama!"

"Na sa ya yi alkawari."

"Ka tsufa a ƙofar otal, ba ka san alkawarin baƙo mai jaka ba?" Ta dubi ɗanta. "Cecilio, ban kore shi ba. Amma daga yau, ko kofi goma mutumin nan ya sha, ta farko za ka kira masa."

Baƙin suna ta kallo, wani ma yana ɗauka a waya, yana tsammani wasa ne ake yi musu.

Anselmo ya zo Litinin. Kofi na farko, zaitun. Na biyu, Cecilio ya ɗaga murya yadda kowa zai ji, "Ta farko, ɗaya!" Na uku ma haka. Na tura masa nawa farantin, ya turo mini abina. Ya sake zuwa Talata da Laraba, ya tsaya ƙyam yana tauna zaitun, yana jira ko za ta leƙo. Ba ta leƙo ba. Ranar Alhamis bai zo ba, kuma bai ƙara zuwa ba.

Tukunya dai ta ci gaba da ƙarewa kafin ƙarfe ɗaya. Cecilio ya samu abin da ya daɗe yana nema. Ya ce, "Mama, ko mu sa farashi, ko mu rufe." Ta ce ya yi yadda ya ga dama, amma ba da hannunta ba. Ya kafa allo da harsuna uku, wutsiyar sa yuro goma sha ɗaya, ya share ƙwallon zaitun, ya kawo wani mai dafuwa da ke dafa tukunya biyar. Ita kuma ta kwance gyalen aikinta a watan Yuni ta koma ƙauye wurin ƙanwarta. Na ɗanɗana na sabon sau ɗaya. Ba laifi, nama ne.

Gorka ya dawo a lokacin kaka don sabunta littafin, ya same mu ni da Anselmo a benci a dandali. Ya buɗe hannuwa yana murmushi.

"Don Anselmo! Na ga layi a wurin matar nan. Ai ya kamata ta gode mini."

Na riƙe hannun Anselmo, don sandarsa ta fara tashi. Na ce, "Saurayi, wuce, tun tsohon nan bai kwana a ofishin 'yan sanda saboda kai ba."

Nieves ta ci riba, ɗakunanta a cike suke har watan Janairu, ba ta sake maganar Barcelona ba, kuma ban ga laifinta ba. Cecilio ya sayi sabuwar mota. Gorka an tura shi Cádiz ya yi musu irin wannan aikin, Allah ya tsare tsofaffin can. Angustias ta rasa kicin ɗin da ta tsaya a ciki shekara arba'in, Evaristo yana cin miyar gwangwani a gida shi kaɗai. Anselmo ya tsira da jikokinsa a kusa da shi, wannan ma riba ce, ban musa ba, amma a duk Realejo babu kantar da zai jingina a kai ba a yi shiru ba.